Jirgin fayiba ma yana nutsewa

Saƙon ya faɗo rukunin danginmu na WhatsApp ne daga wajen masu fito a yankin Yauri, babu sunan marubuci, babu kwanan wata, sai "daga majiya mai tushe" a sama da "ka tura wa ɗan'uwa don Allah" a ƙasa. Yana cewa gwamnati ta haramta jirgin katako, ƙarshen wata za a fara kamawa ana ƙonawa, don haka mai hankali ya sayar da nasa tun yana da daraja ya sayi na fayiba. Ya ce jirgin fayiba ba ya nutsewa ko an raba shi biyu, lodi ba ya yi masa komai, wanda ke cikinsa ba ya bukatar rigar ceto. An haɗa da hoton wani Bature zaune a cikin jirgin da aka yanka da zarto. Daga can ƙasa kuma ga lambar asusu, wai a tura kuɗin rajista a shiga jerin waɗanda gwamnati za ta ba jirgi kyauta. Wannan ta ƙarshen damfara ce tsagwaronta, ba hukumar da ke karɓar kuɗi ta asusun mutum ɗaya.

Maganar haramci tana da tushe, amma an yi mata ƙari. A matsayinsa na ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola ya sha kira ga jihohi da su daina amfani da jiragen katako wajen jigilar fasinja, su koma na fayiba da na alminiyam. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, da ke Lakwaja ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ceto. Waɗannan duk gaskiya ne, kuma alamu sun nuna can aka dosa. Sai dai saƙon ya ɗauki kiran minista ya ɗaura masa wa'adi da barazanar wuta, bai ambaci doka ko sanarwa ko jami'in da ya sa hannu ba. Mai son sanin halin da ake ciki a jiharsa ya je ofishin NIWA mafi kusa ko wurin shugabannin ƙungiyar tasharsu. Wanda ke cin ribar wa'adin ƙarya dai sananne ne: dillalin da ke yawo tasha-tasha yana taya jirage rabin kuɗi.

Irin wannan dillali ne ya iske kawuna. Jirginsa shi ya zaɓi katakonsa, ya tsaya a kan masassaƙa har aka buga ƙusa ta ƙarshe, kuma da kuɗin fitonsa aka yi karatun yara aka aurar da 'yan mata. Da ya kira ni, ba farashin ne ya fi damunsa ba. "Ɗana, idan da gaske wancan ba ya nutsewa, ai haƙƙin mutanen da nake ɗauka ne in canza," in ji shi. Na ce, "Kawu, a dakata tukuna, kada a karɓi kuɗin kowa."

Ba na ganin laifin wanda ya yarda. Wanda ya ga an jera gawawwaki a bakin ruwa a Warra a watan Mayun 2021, bayan jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse, ko ya ji labarin 'yan biki sama da 100 da suka halaka a yankin Fategi a watan Yunin 2023, ko na masu zuwa Maulidi a Gbajibo a watan Oktoban 2024, dole zuciyarsa ta karkata ga duk wanda ya ce masa ga jirgin da ruwa ba ya ci. Haushina yana kan wanda ya zauna ya rubuta, ya ɗauki tsoron mutane ya mayar da shi tallar haja, bai damu da cewa wani matuƙi zai karanta ya ajiye rigunan ceto a gida ba.

Fayiba zaren gilashi ce da aka jiƙa da wani irin danƙo ya daskare. Ta fi ruwa nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, fayiba mai wannan girman kuwa tana kai kilo ɗaya da rabi ko fiye. Ba sai an yi gardama ba, a samo ɓallin tsohon jirgin fayiba a jefa a bokitin ruwa, ƙasa zai tafi. A jefa guntun busasshen maɗaci, zai tsaya a sama. Abin da ke riƙe jirgin fayiba a kan ruwa siffarsa ce da iskar da ke cikinsa, kamar kwanon silba da ke yawo a randa har sai ruwa ya cika shi. Da zarar ya cika, ga nauyin inji a baya, gindin ne zai fara shigewa.

Hoton Baturen nan na gaskiya ne, ma'anarsa aka juya. Dick Fisher ne, wanda ya kafa kamfanin Boston Whaler a Amurka, kuma mujallar Life ta buga hotunan a 1961. Ƙaramin jirgi ne da aka cika tsakanin fatarsa ta ciki da ta waje da kumfa mai tauri, irin wadda ba ta saurin shan ruwa. Kumfar ce ta riƙe shi. A Amurkar ma doka ce ta tilasta wa masu ƙera ƙananan jirage, waɗanda tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba, su sa abin da zai hana su nutsewa idan sun cika. Da fayiba tana yin wannan aikin da kanta, da ba a bukaci doka ba.

Saboda haka jirgin fayiba iri biyu ne a wannan fuskar. Akwai mai kumfa ko rufaffun akwatunan iska a ƙarƙashin daɓe da kujeru, akwai wanda fata ce zalla. A ido kusan ɗaya suke, fenti ɗaya, sheƙi ɗaya, kuma mai rahusar shi ne aka fi rage wa kumfa, tunda ba ta ganuwa. Mai kumfar ma an auna ta ne da lodin da aka ƙera jirgin dominsa. Aikinta shi ne ta bar jirgin da ya cika ko ya kife yana leƙe a saman ruwa, mutane su samu abin kamawa kafin a kawo ɗauki. Ba ta hana kifewa. Tsohuwa da yaro da wanda bai iya ninƙaya ba, idan jirgi ya juye da su a tsakiyar tafki, rigar ceton da ke jikinsu ce kawai za ta tsayar da kansu a sama. A watan Yulin 2022 a Legas, jirgin fayiba ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe da daddare, ruwa ya ja shi ya kife kusa da wani babban jirgin dakon kaya da ke ajiye, mutum fiye da 10 suka rasu, har da yara.

Batun lodi kuwa lissafi ne da ba ya tambayar da me aka yi jirgi. A ce babban mutum kilo 70 ne. Ƙarin mutum 20 a kan ƙa'ida kilo 1,400 ke nan, daidai da buhu 14 na masu kilo 100, ba a sa babura da awaki da buhunan shinkafa na ranar kasuwa ba. Kowane ƙari yana rage tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa, har ta kai igiyar ruwan da a da take dukan gefe ta koma yanzu ciki take faɗawa. Ruwan da ya shiga yana gudu zuwa ɓangaren da ya karkata, mutane su firgita su taru gefe guda, shi ke nan. Abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano a watan Nuwamban 2021, inda ɗaliban Islamiyya suka fi yawa cikin mamatan, lodi aka fi ɗora wa alhakinsa.

Ga kuma kututture. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye dazuzzuka da tsofaffin garuruwa, itatuwan suna nan a tsaye a ƙarƙashi, suna ɓuya suna bayyana yadda ruwa ke hawa da sauka. A watan Satumban 2025 kututture jirgi ya buga a yankin Malale ta Borgu aka yi asarar rayuka masu yawa. Jirgin fayiba ya fi sauƙi, ya fi gudu, kuma idan gudu ya ninka, ƙarfin karo sau huɗu yake ƙaruwa. Matuƙin da aka gaya wa jirginsa ba ya nutsewa shi ne zai murɗa mai har ƙarshe a wurin da a da yake rage gudu.

Duk wannan ba ya nufin katako ya fi. Jirgin katako da ya tsufa yana ruɓewa daga ciki, ƙusoshi su yi tsatsa, mahaɗa su buɗe, kuma a manyan haɗurran da na ambata an ba da labarin jirage da suka rabe. Fayiba ba ta ruɓa, ba ta da mahaɗan da za a riƙa cusa wa tsumma da kwalta kowace shekara, ta fi santsi a ruwa, ta fi rage shan mai, abin da ba ƙarami ba ne tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. A ganina, sabon jirgin fayiba mai kumfa, da lodin ƙa'ida da riguna, ya fi tsohon na katako aminci ga fasinja. Amma wanda zai canza ya yi lissafin cinikinsa tukuna: yawancin na fayiba da ake samu ba su kai manyan jiragen kasuwa ɗaukar kaya ba, kuma idan ya tsage, masassaƙin tasha ba zai iya da shi ba, sai mai danƙo da zare.

Wanda ya yanke shawarar saye, ya tambayi maƙeri mutum nawa aka ƙera jirgin ya ɗauka, a rubuta masa. Ya sa a buɗe masa inda kumfar take ya gani da idonsa. Idan na hannu ne, ya ƙwanƙwasa jikin da ƙaramar guduma, inda sauti ya mutu akwai matsala a ciki. Ya taka daɓen ya ji ko yana lotsawa. Ya girgiza injin ya ga ko bangon baya yana motsi, don sau da yawa katako ne a cikinsa aka lulluɓe da fayiba, kuma yana ruɓewa ba a sani ba. Jirgin da ya yi nauyi fiye da kima a wajen turawa, wataƙila tsohuwar kumfarsa ta sha ruwa.

Kawu dai na ba shi shawarar ya raba ciniki biyu. Injinsa Yamaha mai doki 40 lafiyarsa ƙalau, kowane makaniken bakin ruwa ya san cikinsa, kayan gyaransa suna nan a kasuwa, kuma kan injin dillalin ke zagaye tun farko. Ya riƙe shi, ya auna tsawon ƙafarsa, don akwai mai inci 15 akwai mai inci 20, kada ya sayi jirgin da bangon bayansa bai dace da shi ba. Gangar jikin kuma za a fitar da ita tudu idan ruwa ya ja, masassaƙi ya bi ta katako-katako da tsinin wuƙa. Abin da aka gani a nan shi zai nuna ko za ta ƙara shekara tana fito, ko ta koma dakon itace da yashi, ko a kwance ta.