Daga Binciken Likitoci Zuwa Tsakar Gidanki

Yau hirarmu a kan maganin nan ne na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, a nan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Ko kin san yadda aka yi ya iso ɗakinki?

Tun a 2006 aka buga sakamakon wani bincike daga ƙasar Sanagal, a 2011 aka samu wasu daga Mali da Burkina Faso. Duk sun nuna cewa in ana ba yaro maganin wata-wata lokacin ruwa, zazzaɓin na raguwa ƙwarai. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa wata 59. An gwada a Katsina a 2013, mu nan Zamfara sai 2015.

To amma fa 'yar'uwa, sakamako a takarda bai hana yaro jijjiga. Sai da masu binciken suka zauna da ma'aikatan lafiya suka yi ta tambaya. Wa zai kai maganin, tunda namiji baƙo ba ya wuce zaure? Dole a sa mata cikin masu rabo. Ga ɗaci kuma! Da farko sai an niƙa ƙwayar an sa sukari, yaro na kuka yana furzarwa. Koken iyaye mata da na masu rabo na cikin abin da ya sa aka koma mai narkewa a ruwa, mai ɗan zaƙi.

Babban abin shi ne, kwana 3 ake sha. Na ranar farko a gaban mai rabo, na kwana biyun da suka rage kuwa a hannunki yake, ba likita ba malamar asibiti. In kin ajiye wai sai ranar da jikinsa ya yi zafi, aikin ya lalace. Yaron da ke cikin zazzaɓi ma ba a ba shi, gwaji ake tura shi.

Saboda haka in an zo da tambayoyi bayan rabo, kada kunya ta sa ki ce ya shanye alhali ya amayar, ko kin manta. Faɗi yadda aka yi, don da amsarki ake gyara rabon baɗi. Ki kuma adana katin yaron inda ruwa ba zai taɓa shi ba.