Hannun Fim Ya Zama Gaskiya

A fim ɗin Star Wars na 1980, an sare wa jarumi Luke hannu, aka dasa masa na ƙarfe mai motsi tamkar nasa. A lokacin, almara ce kawai. A 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani hannun roba, wanda aka raɗa wa suna LUKE. Na'urori ke karanta lantarkin da tsokar dungu ke fitarwa, sai yatsu su motsa, har mutum ya ɗauki ƙwai bai fasa ba.

Amma ku masu burin zama injiniyoyi, ku lura: kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Wasu ma kan ajiye irin waɗannan hannuwa saboda nauyi da yawan caji, su koma wa tsohuwar ƙugiyar ƙarfe da ba ta buƙatar batir.