Likitoci Masu Bincike da Yaranmu Masu Sikila

'Yan'uwa manoma, kun san kafin sabon iri ya zo hannunmu sai malaman Samaru sun gwada shi a gonar gwaji shekara da shekaru. To, haka aikin magani yake. Akwai likitocin da suke duba marasa lafiya, kuma su ne suke bincike don gano maganin da ya dace da ƙasarmu. Masu yin wannan aiki a kan ƙwaƙwalwar yara kuwa ba su da yawa.

Ga abin da ya faru a Kano. Ciwon sikila, watau amosanin jini, yakan toshe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, har ɓarin jikin yaro ya shanye. Idan ba a yi rigakafi ba, kusan yaro 1 cikin 10 masu sikila yakan gamu da wannan kafin ya kai shekara 20. Akwai na'ura da ake ɗora wa yaro a gefen kai ta auna gudun jini, ta nuna wanda yake cikin haɗari. Binciken da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna ƙarin jini kowane wata yana kare irin yaran nan. Amma ina manomin Rogo ko Karaye zai sami jini da kuɗin mota wata bayan wata?

Saboda haka likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna, suka haɗa kai da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Suka gwada maganin sha da ake kira haidiroksiyuriya a kan yara 220. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ƙaramin awo ma yana kare yaro daga shanyewar jiki kamar matsakaicin awo. Watau sun nemo hanyar da talaka zai iya bi.

Wahalolinsu kuwa suna da yawa. Likitan da layin marasa lafiya yake jira tun asuba, yaushe zai zauna ya rubuta abin da ya gano? Kuɗin bincike galibi daga ƙasashen waje yake zuwa, abokan aiki da dama kuma sun tafi can neman albashi mai kauri. Ga kuma batun amana. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Don haka wajibi ne mai bincike ya yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji, ya sami yardarsu tukuna.

Mu fa, mene ne namu? Idan yaro mai sikila ya tashi hannu ko ƙafa ba ƙarfi, ko baki ya karkace, a kai shi asibiti ranar nan. Wanda lafiyarsa ƙalau, a tambayi likita inda za a yi masa awon kai. Kada kowa ya sayi maganin nan da kansa, domin sai ana duba jinin yaro. Kowace ƙungiya kuma ta ware ɗan abu bayan kaka don kuɗin motar irin iyayen nan zuwa Kano. Idan aka nemi ɗanka ya shiga bincike, yi tambaya har ka gamsu. Kana da ikon yarda, kana da ikon ƙi.