Zorki, FED da Kiev: tsoffin kyamarorin Sobiyet da ba su san caji ba

Da zarar an gama girbi a ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta, Makoɗa da Kunci, 'yan gwangwan kan fara bin gida-gida da baro, suna sayen duk wani tsohon ƙarfe a kan kilo. Karyayyar garma, gindin fitilar ƙwai, rediyon da ya yi shiru tun zamanin Shagari, duk tafiya suke yi. A irin wannan ciniki ne akan fito da abin da ya shekara talatin a ƙasan adaka: wata 'yar kyamara mai nauyin tsiya cikin jakar fata, a jikinta an zana haruffan da ba boko ba, ba ajami ba. Ba ta kai kilo guda ba, don haka a wurin mai sikeli kuɗinta bai wuce na katin waya ba.

Abin mamakin shi ne, saurayin da zai miƙa ta yana iya kasancewa da manhaja biyu ko uku a wayarsa waɗanda aikinsu kawai su sa hoto ya yi kama da na dā, da ɗan dishi-dishi da launin tsufa. Ga kuma ainihin na'urar da ake kwaikwayo a hannunsa, bai gane ta ba.

Gane ta ba wuya. Idan an ga ФЭД a samanta, FED ke nan. Зоркий shi ne Zorki, Киев kuma Kiev. Rubutun da ke kama da CCCP sunan Tarayyar Sobiyet ne a taƙaice. Waɗanda aka ƙera don kai wa ƙasashen waje sukan zo da haruffan boko. A gabanta, sama da gilashin ido, akwai ƙananan tagogi biyu ko uku. Idan kuwa samanta na da tozo kamar na sa, kuma an rubuta Zenit, to wannan wani iyali ne daban mai madubi a ciki, kodayake ita ma ba ta yarwa ba ce.

Asalinsu

Duk labarin ya faro ne daga Jamus. A 1932 kamfanin Leitz ya fitar da Leica II, ƙaramar kyamara mai tsada wadda 'yan jarida ke rububi. Bayan shekara biyu, a 1934, aka fara ƙera kwafinta a birnin Kharkiv na Yukiren, a wata cibiya da ke tara marayu da yaran titi tana koya musu sana'a, wadda malami Anton Makarenko ya jagoranta. An sa wa cibiyar sunan Felix Edmundovich Dzerzhinsky, mutumin da ya kafa rundunar 'yan sandan ciki ta Sobiyet, kuma haruffan farko na sunansa ne suka zama FED.

Bayan yaƙin duniya na biyu, Sobiyet ta kwashe injinan masana'antar Zeiss Ikon daga Dresden ta kai su masana'antar Arsenal da ke Kiev. Daga 1947 aka shiga fitar da kyamarar Contax ta Jamus a can da sabon suna, Kiev. A 1948 kuma masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk, kusa da Mosko, ta fara Zorki, kalmar da ke nufin mai kaifin gani. Samfurin Zorki 4 kaɗai, daga 1956 zuwa 1973, an ƙera sama da miliyan 1.7. Wannan yawan ne ya sa har yau ba su da tsada a kasuwar duniya. Duk wanda ya tsinci guda yana lissafin sayen fili da kuɗinta, ya sassauta buri.

To me ya kawo su nan? Najeriya da Sobiyet sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1960, amma dangantakar ta yi ƙarfi ne a lokacin yaƙin basasa, sa'ad da aka sauke jiragen yaƙi samfurin MiG a filin jirgin Kano a 1967. Daga nan sai guraben karatu: dubban 'yan Najeriya sun karanci likitanci, injiniya da aikin gona a can, ga kuma kwangilar masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka sa wa hannu a 1979. Kyamara na cikin kayan da ke da araha a Sobiyet, kuma tsaraba ce mai sauƙin ɗauka. Duk da haka a faɗi gaskiya, wanda ya buɗe adaka a Bichi ko Minjibir ya fi kusa da cin karo da Yashica ko Kodak. Zorki baƙuwa ce, shi ya sa ba a gane ta.

Tagogi biyu, hoto ɗaya

Abin da ya bambanta wannan iyali shi ne yadda suke auna nisa. Mai karatu ya miƙe babban yatsansa a gaban fuska, ya rufe idon dama, sannan ya buɗe shi ya rufe na hagu. Yatsan zai yi kamar ya yi tsalle. Abin da ke kusa tsallensa babba ne, na nesa kuwa ƙarami. Tagogin nan biyu idanu biyu ne. Wanda ya leƙa zai ga wani ɗan tabo mai haske a tsakiya, a cikinsa abin da ake son ɗauka ya rabu biyu. Sai a riƙa murɗa gilashin gaba, wato lens, har siffofin biyu su haɗe su zama ɗaya. Saiti ya yi ke nan.

Wayar da ke aljihun mai karatu ma kusan wannan lissafin take yi idan tana dusashe bayan mutum a hoto: tana kwatanta abin da ta gani daga kusurwa biyu ta ƙiyasta nisa. Bambancin shi ne waya da manhaja take yi, Zorki kuma da ɗan madubi da wani ƙaramin hannun ƙarfe da bayan lens ke turawa.

Babu batir a cikinta ko ɗaya. Sifirin ne da haƙoran ƙarfe kamar na agogon dā. A garin da mutum ke biyan mai janareta kafin ya ga koren caji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu samfurori irin su Kiev 4 da FED 5 suna da ma'aunin haske mai aiki da hasken kansa, sai dai yawancinsu sun gaji da tsufa, bai kamata a dogara da su ba. Akwai manhajojin auna haske kyauta a waya. Ko babu su, tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta wadatar: a rana tsaka, da fim mai lamba 200, a sa ƙofar haske a 16, gudu a 250. Idan hazon hunturu ya rufe sama a koma 11. A inuwar ɗorawa ko bakin zaure, 5.6. Wanda zai ɗauki baƙin mutum cikin farar babbar riga ya ƙara buɗewa da mataki ɗaya, in ba haka ba rigar za ta fito, fuskar ta ɓace.

Inda ake kashe su

Yawancin waɗannan kyamarori ba tsufa ke kashe su ba, hannun mai karambani ne a minti biyar na farko. Doka ta ɗaya, wadda duk masu amfani da su suka sani: ba a juya maɓallin gudu sai an ɗana kyamarar tukuna, wato an murɗa abin jan fim har ƙarshe. A Zorki da FED, musamman masu ƙananan gudu irin Zorki 4, juya shi kafin ɗanawa na iya lanƙwasa wani ɗan ƙarfe a ciki, kuma mai gyaran waya a Farm Centre ba zai iya taimakawa ba. Mai gyaran agogo ya fi shi kusa da aikin.

Ta biyu ta fi shafar wannan yanki fiye da ƙasar da aka ƙera su. Abin da ke buɗewa ya rufe a cikin Zorki da FED labule ne na ƙyalle da aka shafa wa roba, kuma babu madubi tsakaninsa da lens. Yaran firamare sun san yadda ake ƙona takarda da gilashi a rana. Haka lens ke yi wa labulen idan aka ajiye kyamarar tana kallon sama ba murfi, ko aka rataya ta a ƙirji ana fuskantar ranar Afrilu. Huda ɗaya kamar ta allura ta isa ta sa farin tabo a kowane hoto. A rufe ta da murfi ko da yaushe, in babu a ɗinka mata. Kiev ta tsira daga wannan saboda labulenta na ƙarfe ne, amma ita kuma zirin ƙyallen da ke jan labulen yakan tsinke, ga tagarta ɗaya tana daidai inda yatsa ke son zama.

Sai ƙura da giris. Man da aka sa musu tun shekara sittin ya daskare, shi ya sa wasu maɓallan ke yin tauri. Kada a tilasta, kuma kada a ɗura kananzir ko man keken ɗinki, domin zai gangara kan gilashi da labule. Kada a goge lens da bakin riga a lokacin hunturu; ƙurar yashi ce, gilashin kuma mai laushi ne. A fara hure ta da abin hura iska na roba. A haska tocilan ta cikin lens: 'yar ƙura ba komai, amma idan an ga abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce da damina ta haifar.

Masu saye ta intanet kuma su yi hattara da kyamara mai ruwan zinare da aka zana wa sunan Leica da tambarin sojan Jamus. Kusan dukkansu FED ne ko Zorki da aka sauya wa riga.

Matsalar gaske: fim

Nan ne sha'awa ke haɗuwa da aljihu. Waɗannan kyamarori fim mai faɗin milimita 35 suke ci, hoto 24 ko 36 a naɗi guda. Har yanzu Kodak, Ilford da Foma suna yin sa, amma wuraren wankin fim sun yi ƙaranci ƙwarai tun da dijital ta karɓe kasuwa, kuma naɗi ɗaya da kuɗin wankinsa na iya fin datar wata guda. Fim ba ya son zafi. Wanda ba shi da firji ya sa shi cikin gwangwani mai rufuwa ruf, ya ajiye kusa da randa.

Mafita mafi kusa ita ce fim baƙi-da-fari, domin ana wanke shi a gida. Ana buƙatar ƙaramin tankin wanki, maganin fito da hoto irin Rodinal, wanda aka ƙirƙira tun 1891 kuma yana daɗewa bai lalace ba, sai maganin kafe hoto da ake kira fiksa. A cikin duhu kawai ake sa fim a tanki, kuma ɗakin ƙasa da dare, an toshe ƙofa da bargo, ya fi ɗakin birni duhu. Ma'aunin zafin ruwan da aka saba shi ne digiri 20, don haka asubahin hunturu ya fi dacewa da aikin. A bazara sai an nemi ƙanƙara.

Da fim ya bushe, waya ta karɓi aiki. A buɗe farin shafi a fuskar wata wayar, a ɗaga fim ɗin kaɗan sama da ita don kada ɗigogin allon su fito, a ɗauka da wayar ta biyu, sannan a juya launi. Lissafin ba wani abu ba ne: ana cire darajar kowane ɗigo daga 255, baƙi ya koma fari. Wannan dabarar ita ce kuma za ta ceci tsoffin fina-finan hoton Sallah da na biki da masu hoton ƙauye suka bari a ambulan, kafin gara ta riga kowa. A yankin da gona ke manne da gona, inda kowace shekara ake yanka wasu a mayar da su filoti, hoton da ya nuna inda gawo ko rumbu yake a 1980 yana da amfani fiye da ado.

Idan jikin ya mutu, lens bai mutu ba

Ga wanda fim ya fi ƙarfinsa, rabin dukiyar tana gaba, kuma kwancewa take yi kamar murfin kwalba. Industar-61 da Jupiter-8, wanda kwafin Sonnar na Zeiss ne, suna hawa kyamarorin zamani marasa madubi irin na Sony da Fujifilm ta hanyar ƙaramar adafta ta M39. Jupiter-8 a buɗe yana da wani laushi a fuska da manhaja ba ta cika kamowa ba. Manyan masu fim ma sun farga: Greig Fraser ya yi amfani da tsoffin lens na Sobiyet da aka sake wa gida a wasu sassa na Dune: Part Two na 2024.

Amma masu hoton biki da ke riƙe da Canon ko Nikon mai madubi kada su ɓata kuɗinsu. An ƙera lens na Zorki da FED ya zauna milimita 28.8 daga fim, a Canon mai madubi kuwa tazarar 44 ce, don haka abin da ke dab da hanci kawai zai fito. Na Kiev kuma bakinsa daban ne, adaftarsa ta fi tsada. Jupiter-12 yana da gilashin baya da ya zurfafa ciki sosai, yana iya taɓa cikin wasu kyamarorin, haka ma Industar-22 idan aka tura shi ciki.

Kafin a buɗe bayanta

Abin da kowa ke fara yi idan ya tsinci tsohuwar kyamara shi ne ya buɗe ta ya ga cikinta. A dakata. A saman kyamarar, ɓangaren hagu idan ana riƙe da ita kamar za a ɗauka, akwai maɓallin mayar da fim. A murɗa shi a hankali ta inda kibiya ta nuna. Idan yana juyawa sakaka, babu komai a ciki. Idan ya yi ɗan juyi ya cije, akwai fim, kuma mai yiwuwa akwai hotunan da mai kyamarar bai taɓa gani ba. Fim baƙi-da-fari na iya riƙe hoto shekaru da dama ba a wanke ba, amma daƙiƙa ɗaya a hasken tsakar gida ta isa ta shafe shi.

Sai a saki makullin jan fim, wanda a Zorki 4 zobe ne da ke kewaye da maɓallin ɗauka, a Kiev kuma ɗan maɓalli ne a ƙasa, a naɗe fim ɗin har a ji ya saki. Daga nan a fito da shi a inuwa, a rubuta sunan mai kyamarar a jikinsa, a kuma gaya wa duk wanda zai wanke cewa tsoho ne, domin ya san irin lokacin da zai ba shi a magani.