Kafin Ka Goge Kwamfutarka, Tsaya Ka Ji

Daga Wakilinmu

Kwanan baya na kai wa wani ɗan'uwa mai sana'ar goro ziyara a Agege, na tarar da shi ya yi tagumi. Ashe kwamfutarsa ce ta yi nauyi, ya miƙa wa wani yaro ya sake mata Windows. Yaron ya goge faifan ajiya kakaf, har da lissafin bashin da yake bin abokan cinikinsa na Arewa.

Mutanenmu da dama a nan Kurmi kan sayi kwamfuta ta hannu a Computer Village da ke Ikeja. Tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, wasu za su so komawa Windows 11. To, jama'a, rigakafi ya fi magani.

Da farko, kwashe takardunka da hotunanka zuwa wani ma'aji dabam, ka buɗe su can ka tabbata sun shiga. Sannan ka nemi filas mai aƙalla gigabait 8, ka ɗora masa Windows da manhajar Media Creation Tool ko Rufus. Ka sani duk abin da ke cikin filas ɗin zai goge. Windows 11 kuwa tana bukatar inji mai TPM 2.0, saboda haka ba kowace tsohuwar kwamfuta ke ɗaukarta ba.

Idan kwamfuta ta ƙi tashi daga filas, kada ka ɗauka ta lalace. Sau da yawa ba a nuna mata hanya ba ne. Da ka kunna ta, danna F12 in Dell ce, ko F9 in HP ce, ka zaɓi filas ɗin.

Wani cikas kuma shi ne Windows ta ƙi zama a faifan. Dalili kuwa tsarin faifai iri biyu ne: tsohon, MBR, yana tafiya da BIOS, sabon kuma, GPT, yana tafiya da UEFI. In aka haɗa su a karkace, aiki ya tsaya. Masu gyara kan danna Shift da F10, su rubuta diskpart, sai list disk, su zaɓi faifai da select disk da lambarsa, sannan clean. Nan ne wurin hatsari. Dubi girman kowane faifai da kyau, domin kuskuren lamba ɗaya kan sa a goge filas ɗin kansa ko ma'ajin da ka ɓoye kayanka.

Mai niyyar sayar da tasa kuma ya sani clean ba ya share bayanai, taswirar faifan kawai yake cirewa, gwani na iya tono su. Umarnin clean all ne ke bin faifai mai juyawa gaba ɗaya, ko da zai ci sa'o'i. Faifan SSD kuwa, gara a bi hanyar sharewa da kamfaninsa ya tanada.

Wannan ne ma ya sa na shawarci Malam mai goro ya kashe kwamfutar ya nemi gwani, domin abin da sabuwar Windows ba ta hau kansa ba, ana iya ceto shi. Allah Ya sa a dace, amin.