Kafin a Sayar da Sa Don Sayen Kwamfutar Zane

A hutun ƙaramar sallar da ta wuce na je gida Zakka, cikin Ƙaramar Hukumar Safana, sai wani ƙanen mahaifina ya aiko a kira ni bayan la'asar. Ɗansa yana koyon zanen gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, kuma karatun ya kai matakin da sai da kwamfuta. Baffa ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu, a yankin da 'yan bindiga suka mai da mallakar dabba abin fargaba, ya damƙa wa yaron kuɗin. Shi kuwa ya sayo sabuwa fil, siririya, sai sheƙi take yi. Da ya buɗe zanen bene a manhajar Revit, sai ta sandare.

"Ɗana, kai ne ka yi boko," in ji Baffa. "Asara muka yi ke nan?" Na duba, na tarar ma'adanarta ta wucin gadi, wato RAM, gigabait 4 ce, a like da jikin allon, ba ta ƙaruwa. Dole na ce masa eh.

Kuskuren yaron shi ne na yawancin ɗalibanmu: sun ɗauka sabo ya fi tsoho a kowane hali. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, sabuwar kwamfutar da ta dace da zane ta fi ƙarfin ɗan manomi. Abin da ya rage masa shi ne ta hannu, amma irin wadda aka ƙera domin injiniyoyi: Dell Precision, HP ZBook ko Lenovo ThinkPad jerin P. Kamfanonin Turai da Amurka kan sallame su bayan 'yan shekaru, su biyo hanyar Ikeja su iso Farm Centre da titin Beirut a Kano. Suna da nauyi, ba su da kyan gani, amma suna da fanka mai ƙarfi, abin da duk wanda ya san zafin Afrilu da ƙurar hunturu a Katsina zai yaba.

RAM ita ce farkon abin dubawa. AutoCAD zai tashi da gigabait 8 idan zanen shimfiɗe ne, amma Revit yana neman 16, don haka a tabbata akwai gurbin ƙari. Ma'ajiyar ta zama SSD. Sai ƙwaƙwalwar injin, inda 'yan kasuwa suka fi ruɗar mutane da kalmar "Core i7", alhali akwai i7 ta shekarar 2012. A karanta lambar da ke biye. Windows 11 ba ta karɓar Intel da ke ƙasa da zubi na 8 a hukumance, kuma Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10. Harafin H a ƙarshen lambar ya fi U ƙarfi, sai dai ya fi cin batir. Katin hoto na musamman, irin NVIDIA Quadro, sai mai zane mai tudu da zurfi ne zai matsu da shi. MacBook kuwa, duk da farin jininta a wurin samari, Revit ba ya aiki a kanta kai tsaye.

Akwai abin da masu ba da shawara daga Abuja ba sa tunawa. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari. Ɗalibin da ya dogara da manhajar da ke zaune a intanet, irin Onshape, ranar da haka ta sake faruwa aikinsa ya tsaya. Autodesk yana ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta, FreeCAD kuma kyauta ce baki ɗaya, ba ta neman intanet. Ban ga dalilin da zai sa yaro ya biya a sa masa manhajar sata mai ɗauke da cuta ba.

Na ce wa yaron ya sayar da tasa ga mai aikin buga takardu, wanda za ta wadatar, ya cika kuɗi, mu tafi Kano tare da zanen nan da ya gagare ta a filashi. Duk kwamfutar da muka taya, sai an buɗe shi a kanta, an cire caja, mun zauna rabin sa'a muna jujjuya ginin. Baffa ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko cikon zai kai kuɗin tunkiya biyu, domin san da ya rage ba zai taɓu ba kafin damina.