In shigifa ta yi ciki, a hau sama kafin a dogara da gwafa

Wanda ya shiga ɗakunan ƙauyukan Cadakori a ƙarshen watan Agusta, ko na ƙasar Agye da Gazawa, da wuya ya rasa ganin gwafa tsaye a tsakiyar wata shigifa, tana tokare da azarar da ta lotsa. Mai ɗaki ya kafa ta ne ranar da ya ɗaga kai ya ga rufi ya yi ciki, da niyyar zai kira magini in ruwa ya ɗauke. Ruwa kan ɗauke, a yanke gero, a shiga hidimar aure da kasuwa, gwafa tana nan har uwargida ta fara rataya mata fitila. Da bazara ta kawo jiki sai a kwaɓa ƙasa a ƙara yaɓe a saman ɗakin, a cike kwarin da ruwa ke kwanciya, a ce an yi gyara. Wannan hanya, tokara daga ƙasa da ƙarin ƙasa daga sama, ita ce mafi yaɗuwa, kuma a ganina ita ke kai ɗakuna da yawa ga faɗuwa. Cikin da rufi ya yi alama ce ta ƙarshe ta wata ɓarna da ta daɗe da farawa a sama, inda mai ɗaki ba ya leƙawa.

A fara da nauyi, domin shi ne abin da aka fi raina wa hankali. Busasshiyar ƙasar gini mai cika mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi takan kai kilo 1,700 ko kusa da haka. Ɗaki mai mita 3 a faɗi da mita 4 a tsawo, in kaurin ƙasar rufinsa santimita 15 ne, itatuwansa suna ɗauke da kimanin tan 3, wato buhun gero mai kilo 100 har guda 30, dare da rana. Yaɓen shekara mai kaurin santimita 2, wanda bai wuce faɗin yatsa ba, yana ƙara kusan kilo 400. In aka shekara biyar ana ƙarawa ba a kankare na da ba, an ɗora tan 2 a kan itatuwan da kullum tsufa suke yi. Wannan lissafi na rani ne. Da damina ƙasar kan sha ruwa ta ƙara nauyi, kuma ruwan da ya kwanta a kwari mai zurfin santimita 5 kilo 50 ne a kan kowace murabba'in mita.

Daga nan abu ke jan abu. Itace in ya daɗe a ƙarƙashin kaya yakan lanƙwashe sannu a hankali ko da bai karye ba, kuma lanƙwasar ta fi sauri in yana jiƙewa yana bushewa. Da azara ta ɗan lotsa, saman rufin ya yi kwari. Kwarin ya tare ruwan da ya kamata ya bi indararo, ruwan ya jiƙa ƙasa, ƙasa ta ƙara danne azara, kwari ya ƙara zurfi. Danshin da ya isa itacen shi ke buɗe wa ruɓa hanya, domin itace ba ya ruɓewa sai laimar da ke cikinsa ta wuce kashi 20 cikin ɗari, kuma gara ma wurin danshi take so. Mai cike kwarin nan da sabuwar ƙasa yana zuba kaya ne daidai tsakiyar azara, inda ta fi rauni. Saman ya yi kyau, ido ya kwanta, amma an ƙara wa mai ciwon baya buhu.

Saboda haka gyara na gaskiya daga bincike yake farawa, kuma binciken ba ya buƙatar komai sai zare da ƙusa da haƙuri. A ja zare daga bango zuwa bango a ƙarƙashin azarar, a auna tazarar da ke tsakaninsu, a yi alama a bango, bayan mako biyu a sake aunawa. Lotsawar da ta tsaya wuri ɗaya tana iya jiran rani. Wadda ke ƙaruwa, ko wadda ke tafe da ƙara cikin dare da zubar garin ƙasa, ba ta jiran kowa, kuma bai kamata a sake kwana a ƙarƙashinta ba. Sai a ɗauki ƙusa a tsikari itacen, musamman kansa da ke binne cikin bango, domin nan ne ruɓa da gara suka fi ɓuya, azara tana iya yin kyau a tsakiya alhali kanta ya zama gari. A ƙwanƙwasa a saurara, mai lafiya da wanda aka cinye cikinsa ba sa amo ɗaya. Bayan haka, in an tokare ɗakin da kyau, mutum ɗaya mara nauyi ya hau ta gefen bango jim kaɗan bayan ruwa, ya duba inda ruwa ya kwanta, da tsagar da ke gindin rawani, da bakin indararo da ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe. A tuna ruwa yana bin jikin itace ya yi tafiya kafin ya ɗiga, don haka tabon da ke kusa da ƙofa yana iya zama daga tsagar da ke can ƙuryar ɗaki.

Wannan ƙa'ida ba ta ginin ƙasa kaɗai ba ce. A Amurka, inda mutane ke yawon hutu da manyan motoci masu ɗakin kwana da madafa a ciki, masu gyaransu sun san lotsawar silin iri biyu ce. Akwai wadda gam ne kawai ya saki tsakanin siririn katako da soson da ke bayansa, wannan a sake mannawa ya wadatar. Akwai kuma wadda ruwa ya shiga ta gefen tagar sama inda abin liƙi ya tsattsage, ya ruɓar da katakon, wannan duk wanda ya manne ta bai toshe sama ba zai sake biyan kuɗin aiki. Haka yake a gidan siminti mai rufin kwano a Gidan Rumji ko Maraɗi. Silin da ya yi ciki a can yawanci ramin ƙusa ne a kwano ke ɗiga masa ruwa, a kan ƙurar hunturu da kashin jemagu da suka taru shekara da shekaru. Sauya allon silin ba a hau kwanon ba asarar kuɗi ce.

Wani dattijo zai ce kakanni ma yaɓe suke ƙarawa duk shekara, ga soraye sun haura shekara ɗari suna tsaye. Gaskiya ne, sai dai a dubi abin da suka yi aiki da shi. Azara ta asali tsagin giginya ce, itace mai tauri da gara ba ta cika iya masa ba, kuma maginan da ba sa barin ta ta ƙetare fili mai faɗi ita kaɗai. Abin da bai kai mita 2 ba suke yarda da shi, in ana son ɗaki ya fi haka sai a fito da kafaɗu daga bango, ko a gitta itace a kusurwa, ko a yi bakan gizo. Saman kuma ana shafe shi da makuba daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsi na marina, abubuwan da ke hana ruwa shiga ba tare da kauri mai yawa ba. Yau giginya ta yi wuya a wannan yanki, babban dajinta a Nijar yana can Dallol Mawri wajen Gaya, ga tsada ga nisa. Abin da ke hannun talaka shi ne sandar dogon yaro ko turare, wani lokaci ɗanya, ga shi ana son ɗaki mai faɗi da zai ɗauki gado da kujeru. Lissafin injiniyoyi a nan ba shi da sassauci: in aka faɗaɗa ɗaki daga mita 2.4 zuwa mita 3, lotsawar itace iri ɗaya takan ninka kusan sau biyu da rabi, in kuma kaurin sandar ya ragu daga santimita 10 zuwa 8, ta sake ninkawa kamar haka. A haɗa biyun, an sami kusan ninki shida. Yaɓen kakanni aka gada, itacensu da ma'auninsu aka bari.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta aljihu. Manomin da geronsa bai kai shi shekara ba, ina zai sami kuɗin kware ɗaki? Gwafa kyauta ce daga gona. Ba na raina gwafa, ita ce taimakon farko, kuma in za a kafa ta a sa mata faffaɗan katako a ƙasa da wani a sama da zai tallafi azara biyu ko uku, kada ta nutse cikin daɓe. Amma a auna abin da gyaran ke ci. Ƙasar da aka sauke daga rufi ba a zubar da ita, ita za a sake kwaɓawa. Mafi yawan itatuwan lafiyarsu lau, biyu ko uku ne kan lalace, kuma wadda ta lanƙwashe ba ta ruɓe ba tana iya komawa aiki a ƙaramin ɗaki ko rumfa. Abin da za a saya kaɗan ne: ƴan sanduna busassu, zana, leda mai kauri da za a shimfiɗa a rufe da ƙasa don kada rana ta ci ta, da indararo mai tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. Saura ƙarfi ne, kuma ƙarfin gayya bai ƙare a karkara ba. A mayar da ƙasar daidai kaurinta na farko, a ba ta gangara zuwa bakin indararo. Ɗakin da ya faɗi kuwa yakan tafi da bango da gado da hatsin da ke ciki, in Allah ya kiyaye bai tafi da rai ba.

Wasu kuma na cewa a bar ginin ƙasa gaba ɗaya a koma kwano. Mai hali ya yi, amma wanda ya taɓa wuni a ɗakin kwano mara silin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maraɗi, ya san abin da shigifa ke saya masa, kuma iskar farkon damina ba ta jin kunyar kwano. Shafe saman ƙasa da siminti ma ba mafita ba ne, domin siminti da ƙasa ba sa motsi tare, yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. In guje wa itace ake so, akwai ginin da ba ya buƙatarsa, mai rufin tubali a lanƙwashe kamar baka ko ƙwarya a kife, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara koyarwa a Cikal, wajen Filinge, a 1980, kuma an horar da magina da yawa a kansa a Nijar. Shi ma yana son gwani da kula da indararo.

Akwai ruwan da babu dabarar da ke tare shi, wannan ba a musu. A daminar 2024 hukumomin Nijar sun ƙirga fiye da mutum 300 da suka rasu, abin ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi ce ta fi yawan mamata. A farkon Satumbar shekarar tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Gidan da ambaliya ta ci gindinsa maganarsa daban ce. Amma rufin da ke faɗowa a kan masu barci alhali bango na tsaye, da wuya ya zo babu sallama. Ko a Zariya, da wani sashe na babban masallacin da aka gina a shekarun 1830 ya rufta a kan masu sallar la'asar ranar 11 ga Agusta, 2023, Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsaga a ginin tun ana gobe, ana shirin kawo masu gyara. Alama takan zo, tazarar da take bayarwa ce ba a sani ba.

Daga girbi zuwa watan Mayu akwai wata shida ko fiye da ƙasa ke bushewa da kyau, hannu kuma bai koma gona ba. Masu unguwanni da limamai a Cadakori da maƙwabta su sa wannan cikin sanarwar da suke yi bayan kaka, kamar yadda ake shelar rigakafi. Kai kuma maigida, in akwai gwafa a ɗakin da ƴaƴanka ke kwana, ka ja zaren nan a wannan makon, ka kira magini tun ƙasa na bushewa.